Bindiga Doguwa, Hannu Gajere

Jiya na ci kilomita ɗari biyu cikin ƙanƙara don in ɗauko 'yata Marjukka daga bariki, na dawo ni kaɗai, haushi kamar ya kashe ni.

Marjukka ita ta kai kanta aikin soja, ba wanda ya tilasta ta. Aka miƙa mata irin bindigar da na saɓa shekara talatin da suka wuce, wadda aka fara ƙerawa tun 1962. Ban raina ta ba. Ko cikin taɓo ka binne ta ka tono, za ta tashi. Bakinta mai yatsu uku yana tsinka waya, an kuma bar wa kunamarta fili saboda mai safar hannu. Illarta ɗaya: gindinta bututun ƙarfe ne da aka auna da ƙattan maza. 'Yata kuwa gajartar kakarta ta ɗauko. In ta sa rigar sanyi, da ƙyar yatsanta ke kaiwa ga kunama.

Manyanmu, Allah ya ƙara musu kujeru masu laushi, sun gano matsalar tuntuni. An yi wa bindigar gindi mai zugewa, kowa ya daidaita da hannunsa. Sababbin bindigogin barikin su Marjukka sun iso tun kaka. Suna sito a kulle, ana jiran Mai Girma Shugaban Kwamitin Rabo ya sami ranar da zai zo a ɗauke shi hoto.

Kun san wanda ya yi fice a gwajin harbi ana ba shi hutu. Hutun nan Marjukka ke nema ido rufe, don mahaifiyata Aune za ta cika casa'in, kuma ta rantse ba za ta yanka kek ba sai sojarta na zaune. Ranar gwaji sanyi ya kai digiri ashirin ƙasa da sifili. Yarinyar nan ta tuɓe rigar sanyi don hannunta ya kai, ta kwanta kan ƙanƙara da 'yar shara-shara, ta zuba harsasanta a tsakiya. Aka ba ta hutun kwana biyu. A gadon asibitin bariki na same ta tana cin hutun nata, ƙirji ya kama.

"Baba, na ci fa," ta ce, tana tari. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Da yamma muna zaune a sauna, ɗakinmu na wankan tururi, maƙwabcina Reijo ya ce ai ya ga 'yata a jarida. Wai kwamiti ya yaba da sakamakon bana, tunda har soja mafi gajarta a bariki ta yi fice da tsohuwar bindiga, saboda haka babu gaggawa, an ɗage rabo zuwa baɗi.

"Tapio, ka yi alfahari mana," ya ce. "'Yarka ta hutar da babban mutum tafiya cikin sanyi."

Na kamfaci ruwa na watsa wa duwatsu har tururi ya kore shi waje.

Aune ta sa an ajiye kek ɗin a firiza, ta ce za ta jira. To, Ranka ya daɗe Shugaban Kwamiti, kek na jira, bindigogi na jira, tsohuwa na jira. Sai dai cikin ukun, ɗaya ce mai shekara casa'in.