Sunan Yonah a Cikin Kwamfutata

Na ara wa maƙwabcina Yonah sabuwar kwamfutata a Rikoto, ya buga takardun coci. Da ta dawo na duba bayanan ƙwaƙwalwarta, sai ga "Yonah" ɓaro-ɓaro. Na tare shi a gaban mutane, na ce, "Malam Yonah, aro na ba ka, ba gado ba."

Ya rantse bai rubuta komai ba. Muka kai wa mai gyaran kwamfuta, ya duba, ya ce laƙabi ne maƙeran ƙwaƙwalwar suke raɗa mata kafin ta shiga kasuwa, wata sunan kogi, wata sunan gari.

Ban ba da haƙuri ba, tunda ba ni na zaɓi sunan ba. Har yau in mun gaisa sai ya ce, "Ya iyali? Ya kwamfutata?"