Yadda motar ƴan ƙwallo ta bar ni a rairayi

Ba zan taɓa mantawa ba da tafiyarmu ta Yamai lokacin ina kolej a Filinge, zamanin soja, sa'ad da ko wasan ƙwallo ake ɗaukarsa aikin ƙasa. Ni ɗan benci ne (na fi kowa sanin dokokin wasa, kai a ajinmu ni kaɗai na karanta su), kuma na rantse a wannan tafiya sai Mushe Idi, malamin wasanninmu (Mushe muke ce wa malamai, da Faransanci), ya sa ni wasa a gefen dama. Ya ce a hanya zai yanke shawara.

Hanyar kuwa jar ƙasa ce, motar ta girmi direbanta. Ga shinge bayan shinge, jandarma na sauke mu suna duba fuskoki. Ban gaji ba. Duk inda aka tsaya sai in yi ta tsalle-tsalle a gaban Mushe, ina miƙa ƙafa.

Kafin Baleyara muka kafe a rairayin wani kwari. Direba ya ce a sauka a tura, ya kuma ja kunne cewa in mota ta tashi ba zai tsaya ba sai ya taka tsandauri, don in ya tsaya za ta sake nutsewa. Ƴan wasanmu na garuruwan Abala da Damana, da suka girma cikin turin mota ranar kasuwa, suka jeru a gefe kusa da ƙofa. Na raina su a zuci. Littafin kimiyya ya ce ƙarfi daga baya ya fi tasiri, don haka na kafa kafaɗa a bayan mota ni kaɗai, na rufe ido.

Ta tashi. Na ci ƙasa da baki.

Kafin in tofar da yashi, kowa ya ɗare, har Gambo mai tsaron gidanmu da tumbinsa. Na miƙe na bi su da gudu, na ce ga damar nuna sauri ta samu. Ina cikin haki wata tsohuwa bisa jaki ta cim mini, ta daidaita tafiyarta da tawa.

"Sannu ɗana. Motar taku ce? In kai ka?"

Na ƙi. Ta wuce ni (jakin ko sauri bai ƙara ba), ta riga ni isa inda motar ta tsaya, har ta sayar wa ƴan wasa da nono.

Mushe Idi ya dube ni daga kai har ƙafa. "Gefen dama kake so? Ka samu." A Yamai ya miƙo mini tutar mai duba layi, na yini ina sintiri a gefen dama, a wajen fili.

Tun daga ranar, duk wanda ya ce in zo mu tura wani abu, mota ko aiki, sai na fara duba inda ƙofar take.