Auren Da Na Karɓa A Turken Saniya

Ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren Sabi'u ba, kuma ko na so in manta, abokan sana'ata na kara, wato kasuwar shanu, ba za su bar ni ba.

Fataucin shanu nake yi. Da jan igiyar shanun mutane na fara, yau Allah Ya sa ina loda tawa motar zuwa kudu. Sabi'u ɗan wana ne marigayi, a hannuna ya tashi. Don haka da ya samo yarinya a wani ƙauye bayan Kusada, babu wanda ya tsaya tambayar wa zai karɓa masa aure. Na ɗinka farar shadda har da babbar riga (ni da shekara ke zagayowa ban sa farin kaya ba, don shanu ba su san darajarsu ba), muka kama hanya daga Kankiya.

Muna isa muka tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ban gama gaisawa ba na hangi mahauci ya zagaya baya da wuƙa naɗe a tsumma. Na zaci ragon walima ne, sai na jiyo nishin saniya. Duk wanda ya yi sana'ata ya san wannan ba kukan yunwa ba ne. Kafin in yi shawara da kaina, ƙafata ta kai ni.

A turke na ga saniya mai tsohon ciki ta gantsare tana yunƙuri. Jan nama ya zazzago ta gabanta, ya kumbura ya kai ƙwarya, ƙasa duk ta manne masa. Wata tsohuwa ta riƙe igiyar da hannu biyu. Kakar amarya ce, Iya Abu. Ɗanta Malam Hadi, wanda shi ne waliyyin amarya, yana ta lallashi.

"Iya, ki bari a yanka tun da sauran ranta. Mahaifa ce ta fito. In ta mutu mushe ce."

"A yanka mi? Da ɗa a ciki? Ita kaɗai marigayi Malam, ubanku, ya bar mani. Ku fara da ni."

Na ce, "Malam Hadi, wannan ba mahaifa ba ce. Mahaifa sai bayan haihuwa take fitowa. Naman hanyar haihuwa ne, kuma bai yi baƙi ba, bai yage ba. Zai koma."

Na tuɓe babbar riga na rataye a danni, wato shingen gidan, na naɗe hannun 'yar ciki. Na sa aka buga wa malamin dabbobi waya, aka kawo ruwan ɗumi da sabulu, mata suka miƙo sukarin kunun biki. Muka juya saniyar, ƙafafunta na baya suka hau tudu. Na wanke naman tas, na barbaɗe shi da sukari don ya tsotse kumburin. Da ya ɗan saki, na tallafe shi da tafin hannu ina turawa a hankali, in ta yunƙura in dakata. Ya koma. Sai dai in na zare hannu kafin a yi ɗinki, yunƙuri ɗaya za ta sake watso shi. Malamin dabbobi kuwa ya ce yana hanya (kowa ya san ma'anar "ina hanya").

Haka na tsaya, hannuna har gwiwa a cikin saniyar surukai. Tunda ba inda za ni, na gaya wa Iya gaskiya.

"Iya, yau za ta tsira in Allah Ya yarda. Amma wadda abin ya fito mata tun kafin ta haihu, ciki na gaba ma sai ya fito, kuma ya fi haka muni. Ki bari ta haihu, ta yaye, ki turke ta ta yi nama, ki rabu da ita. In mace ta haifa, ita ma kar ki ajiye ta, abin yana bin jini."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne bafataken da aka ce? Halan har ka yi mata kuɗi a ranka."

Muna cikin haka sai ga aike wai liman na jira, yana da wani ɗaurin auren a gari na gaba. Malam Hadi ya ce in wakilta wani mana. Shawara ce mai kyau, kuma da mai hankali ne ya ji ta da ya ɗauka. Ni kuwa na tuna wana a gadon asibiti yana ce mini yaron nan nawa ne. Na ce ko sama da ƙasa za su haɗe, bakina ne zai karɓa wa Sabi'u aure.

Liman dattijo ne mai barkwanci, shi ma yana da 'yan shanunsa. Da aka gaya masa, sai ya tashi da kansa, jama'a suka biyo shi har bayan gida. Ya leƙo ta saman danni ya ce, "Alhaji, ai da baki ake neman aure. Hannun ya ci gaba da aikinsa."

Aka yi salati. Na gyara murya, na ɗaga kai yadda ya dace da babban mutum, na fara: "Ni, a madadin ɗana Sabi'u, ina nema masa auren..."

Akwai abin da na sani sarai amma na manta. Naman nan in ya fito yakan toshe mafitsara, saniya ta daɗe ba ta yi fitsari ba. In ya koma, hanya ta buɗe. A daidai sunan amarya ta buɗe. Tun daga gemuna har takalmi, da ɗuminsa, kuma ba ta da niyyar tsayawa. Ba halin in matsa, ba halin in saki. Na runtse ido na ƙarasa maganata. Malam Hadi ya ce ya ba mu, yana danne dariya. Na ce, "Na karɓa," ina tofarwa. Liman ya kare baki da gefen rawani, kafaɗunsa na girgiza, da ƙyar ya ja fatiha. Samari kuwa duk sun ɗaga wayoyi. Sabi'u na can baya ya rufe fuska da hula.

Ana shafawa malamin dabbobi ya iso a babur. Ya yi mata allura ya ɗinke, ya ja kunnen Iya cewa da ta ga alamar naƙuda a warware zaren. Na ci abincin biki cikin aron rigar Malam Hadi, wadda ta tsaya mini a cibiya. Kafin ranar kasuwa ta zagayo, babu ɗan karar da bai kalli abin a wayarsa ba. Har yau in na shiga, sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Ungozoma ta iso!"

Saniyar ta haifi ɗan maraƙi namiji lafiya. Bayan yaye, sai ga saƙon Iya wai in zo. Na tarar ta turke saniyar, ta yi ɓul-ɓul. Ta shafa wuyanta ta daɗe, sannan ta miƙo mini igiyar ba ta dube ni ba. Ta ce in sayar, in zaɓo mata karsana daga wani garken daban.

Na daɗe ina ba masu shanu wannan shawarar, suna ɗauka araha nake nema, sai ciki na gaba su kira mahauci a guje. Na tambaye ta me ya sa ita ta yarda.

Ta ce, "Wanda ya sha fitsarinta gaban liman bai saki ba, ba ya yi mani ƙarya a kanta."

Ranar na gane cewa mutane ba sa karɓar shawara mai ɗaci sai sun ga abin da mai ba da ita ya haɗiya. Na yarda da haka. Roƙona kawai, masu shanun Kankiya da Kusada su ɗauka na haɗiye na kowa a wannan karon.