Sunan da Waya Ta Riƙe

"…gajiya kuma ta bi lafiya. Ya mai jego? Ya ɗan baƙon?"

Iyakar gaisuwar da na yi wa jikana Uwaisu ke nan, ita ma albarkacin jaririn da matarsa Nusaiba ta haifa ce. Tela ne a Batsari, ya zo Zakka kawo mani ɗinkin da zan sa ranar suna. Ko tabarma ban shimfiɗa masa ba. Tun jiya ƙawata Ma'u, da ta ji daga bakin Nusaiba wurin barka, ta tsegunta mani cewa shekara biyu ke nan muryata na cikin wayarsa, tana kiran sunan ubansa, ɗana na fari. Mu kuwa a rainonmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Shekara hamsin da huɗu ina riƙe da wannan kunyar, duk matan Zakka sun shaide ni.

"Amarya, yau ko ruwa babu? Miji ya sha hanya."

"Mijin da ke tara maganar mutane kamar mai tara kashin awaki ba ya shan ruwan randata. Fito da ita."

"Atamfar?"

"Wayar, mai kai kamar murfin tukunya. Munafukar da ke cikin aljihunka."

"Waya ba ta munafunci, Tasalla. Manhaja ce na sa mata. Duk kiran da ya shigo ta naɗe shi, duk saƙo ta adana. Saboda irinku na sa ta. Mace ta bugo ta ce a yi mata dogon hannu, ranar karɓa ta rantse gajere ta ce."

"Ni ɗinki na bugo maka ran nan?"

"A'a. Kuka kika bugo."

Ranar da yake nufi, uban nasa ya hau babur ya bi hanyar Ruma. Da hantsi labari ya iso cewa 'yan bindiga sun tare hanyar. Wayarsa ba ta shiga. Na fizgi ta Ma'u aka buga mani wannan ɗan neman. Abin da na ce, ni kaina ban riƙe ba. Sai la'asar mutumin ya fito daga cikin wata gonar dawa, ƙafa duk ƙaya, amma lafiyarsa lau.

"Ƙarya kake. 'Ina wancan?' na ce."

"Sau bakwai kika kira shi. Bari ki ji."

"Kada ka kunna mani ita a gida."

Ya kunna. Muryar wata tsohuwa ta fito tana haki, tana kiran sunan nan, tana maimaitawa. Na waiga ko'ina, kada a ce wani na bayan danga.

"Wagga ba ni ba ce. Ma'u ce."

"Ma'u ce ta ce 'ni na haife shi'?"

"Kashe, kafin in kashe ka."

"Tun ina yaro nake lura da ke. Kowa in zai yi bankwana ya ce Allah ya sada mu da alheri, ke kaɗai ke cewa Allah ya haɗa mu. Addu'a guda kin yi mata gyaran ɗinki, don dai sunan Baba na ciki. Ashe duk tarawa kike, kika zazzage mani su rana ɗaya."

"Daga bakinka ya fito, ba nawa ba. Mara kunya, sunan ubanka gatsau."

"Addu'a na yi. Juma'a kuma na yi hayar sifika. Mata na cikin cin tuwon suna, sai kawai su ji sarauniyar kunya ta Zakka."

"Kunna. Kana kunnawa zan miƙe gaban surukanka in faɗi shekarun da ka yi kana fitsarin kwance. Tara. Ni ke shanya tabarmar. Nawa abin naɗar a kaina yake, kuma ba ya neman caji."

"Bakwai ne."

"Tara. Na tara har da bargon kakanka."

Yana cikin dariya na warce wayar daga hannunsa, na buɗe randa, na riƙe ta saman ruwa.

"Goge, ko ta sha ruwan da na hana ka."

"Ko rijiya kika jefa ta, maganar na nan. Ba a cikinta kaɗai take ba, tana ajiye can sama."

"Wane saman?"

"Intanet."

"Ka ji ɗan banza. Mala'iku biyu Allah ya sa su rubuta abin da na faɗa, ban taɓa jin sun kai wa Ma'u gulma ba. Kai wa ya naɗa ka na uku? Magana iska ce, a faɗe ta ta wuce. Mace ta firgita rana ɗaya, sai ka ƙulle firgicinta a aljihu kana yawo da shi kasuwa-kasuwa. Da mi zan dubi matan garin nan?"

Sai ya bar dariyar.

"Gogewa ba wuya, yatsa ɗaya ne. Amma ki fara tambayar mai ita."

"Ni ce mai ita."

"Baba ne. Bara ya shigo shago ina neman kiran wata mai ɗinki, na danna naki bisa kuskure. Ya ce in maimaita. Tun daga ranar, duk zuwansa Batsari sai ya zauna bayan keken ɗinki ya ce, 'Kunna mani abin nan.' Ya kara a kunne, ya juya wa ƙofa baya. In ya ƙare ya miƙo mani, ya ɗauki hularsa. Sau ɗaya ya taɓa magana. Ya ce shi tun da ya zo duniya bai san yadda sunansa ke fita a bakinki ba. Ya ce ashe jan ƙarshensa kike yi."

Hannuna ya gaji. Na rufe randar, na goge wayar da bakin zanena, duk da ruwa bai taɓa ta ba.

"Ƙaton banza. Da furfurarsa, da jika, ya zauna sauraren tsohuwa na kuka. Gado ne ashe, rashin kunyar."

"In goge?"

"Wa ya ce ka goge? In wagga ta lalace fa?"

"Maganar na nan."

"In ka sake wata?"

"Ta biyo ni."

"To ka riƙe da kyau, ba irin riƙon da kake wa alkawarin ɗinki ba. Sifika kuwa, ka ji na rantse…"

"Babu sifika. Tsokana ce."

"Kuma ka ja wa Nusaiba kunne. Jego aka ce ta yi, ba shela ba."

Na shiga akurki na kamo jan zakaran da nake kiwo tun kaka, na ɗaure ƙafafunsa na dangwara masa.

"Na mai jego ne. Kai ka tsotsi ƙashi."

Ya rataye shi a babur, ya tayar, yana murmushin nan nasa na mugunta.

"To Amarya, Allah ya sada mu da alheri."

"Tana naɗa yanzu?"

"A'a, sai an yi kira. Faɗi abinki, ba mai ji."

"Amin. Allah ya haɗa mu. Kira bakwai ɗin da ubanka ya samu sun ishe shi."