Rasuwar Kwamfutar Rajistar Manoma a Adakar Hajiya Shatu

Da zuciya cike taf da baƙin ciki, da kuma naira dubu arba'in da biyu na kuɗin tuwo da har yau suke wuyan Malam Ukasha, Hajiya Shatu mai tuwo ta bakin kasuwar Roni take sanar da jama'ar Roni, Kazaure, Gwiwa da Babura rasuwar baƙar kwamfutar nan ta rajistar manoma. Rai ya yi halinsa ne a ɗakin Hajiya, a cikin adaka, tsakanin zannuwan fita unguwa.

Ga wanda bai san yadda marigayiya ta zo hannunta ba: Malam Ukasha, ma'aikacin da aka damƙa wa kwamfutar, ya shekara yana cin tuwo har da ƙarin nama, kullum sai "Hajiya, a rubuta." Hajiya ba ta rubutu, amma ba ta mantuwa. Ran da ya tafi alwala ya bar jakar kwamfutar a kan benci, ta ɗauke ta a matsayin jingina, kamar yadda ta taɓa ɗauke keken Sama'ilu da akuyar Dela.

"Hajiya, ki yi wa Allah, kayan gwamnati ne!"

"To tuwon fa, ɗan nan? Na gwamnati ne?"

Hajiya ta shaida marigayiya baiwar Allah ce mai riƙon amana. Ba ta buɗe baki ga kowa sai ta ga babban yatsan Malam Ukasha. Idan an kunna ta, sai ta fara laluba jikinta gaɓa-gaɓa, ta tabbata ba wanda ya taɓa mata komai, sannan ta ce "tiriri." Wani babban mutum ya taɓa soka mata filashi, ɗan abin nan na kwafar bayanai, ɗauke da sunayen ƙannen matarsa, manoman da ba su san inda ake riƙe fartanya ba. Ta ce masa "ƙit, ƙit," ta ƙi. Ya yi faɗa, ya ambaci waɗanda ya sani a sama. Ta sake cewa "ƙit." A duk ofishin nan ita kaɗai ce ba a taɓa ji ta karɓi na goro ba.

Ashe baiwar Allah tana da iyaye a Dutse, kuma dole ta riƙa gaishe su ta intanet a kai a kai. Idan gaisuwa ta yanke, sai ta ɗauka an sace ta, ta kulle kanta. Malam Ukasha ya ce ya faɗi haka tun ranar farko. Hajiya ba ta musa ba, amma a ranar ya kuma ce albashi zai shigo jibi.

Kada wani ya ce ba a yi jinya ba. An lulluɓe ta, an yi mata turaren wuta, an kai ta wurin mai cajin waya ta sha ta ƙoshi. Da aka ga ko yatsan uban gidanta ta daina amsawa, sai aka ɗora ta a acaɓa zuwa Kazaure wurin Lauwali mai gyara. Ya buɗe cikinta, ya sauya mata wani abu da na kasuwa. Ta buɗe ido sau ɗaya, ta ji baƙon abu a jikinta, fuskarta ta yi shuɗi. Lauwali ya ciro ma'ajiyarta ya sa a wata kwamfutar, ba abin da ya karantu. Ya ce mabuɗin yana cikin wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, a manne a ƙirjinta, kuma ba ya buɗe wa kowa sai ita. An dawo da ita adaka, a nan ta cika da sirrinta. Lauwali dai ya karɓi dubu uku, kuma sun hau kan Malam Ukasha.

Ta bar caja ɗaya, da jaka mai ɓallallen zif, da ɗan akwatin ɗaukar yatsa wanda ya zama maraya. Ta bar manoman da ba ta kai ga tura sunayensu Dutse ba, waɗanda za su sake bin layin taki, ciki har da Hajiya. Ta bar Malam Ukasha, wanda aka ce ko ya kai gawar da lambar gwamnati ta jikinta, ko ya je ya karɓi takardar sallama. Da Hajiya ta ji haka sai hawayenta ya ɗan tsagaita. Ba ta taɓa sanin akwai jinginar da ke ƙara daraja bayan ta mutu ba.

Za a fito da gawa ranar Laraba bayan la'asar, a zauren Hajiya. Kafin a ɗaga ta za a tambaya, kamar yadda aka saba, wa zai ɗauki nauyin bashin da ke kanta, dubu arba'in da biyar. Idan an samu, a wuce da ita Dutse cikin mutunci. Idan ba a samu ba, adaka tana da kwaɗo, Hajiya kuma ba ta gaggawa.

Masu zuwa ta'aziyya, akwai tuwo. Kuɗi hannu.