Zumar Kurege

A wani daji da ya yi suna wajen likitoci, akwai Kurege mai haɗa wani garin magani da ya raɗa wa suna Sha-ka-miƙe. Duk ranar kasuwa yakan zaga gidajen likitoci da ƙwaryar zuma. Ba ya roƙon komai. Ya gaisa, ya ajiye, ya ambaci sunan garinsa, ya wuce.

Ana nan sai ɗan Barewa ya kwanta da ciwon ciki. Barewa ta kai shi wurin Likita Zalɓe, ya ce a ba shi Sha-ka-miƙe. Ta kai shi wurin Bushiya, ita ma haka. Yaro dai sai ramewa yake yi. Da ta ji likitoci za su yi taro a gindin kuka, ta lallaɓo shi suka je.

"Ranku ya daɗe," in ji ta, "ɗana ya sha garin nan har ya gaji, bai miƙe ba. Ni ban san magani ba. Amma garin ne mai kyau, ko zumar?"

Zalɓe ya gyara tsayuwa. "Baiwar Allah, kin san da wa kike magana? Na yi karatu a bakin koguna da ba ki taɓa jin sunansu ba. Zuma cikina take shiga, ba kaina ba. In ma akwai wanda take juyawa, sai dai irin su Bushiya."

"Ni?" Bushiya ta tashi da ƙayoyinta. "Kai da wuyanka ya yi ƙiba bana?"

Tsoho Kunkuru, shugaban taro, ya tsawata. "Wanda zuma ta taɓa canza masa ra'ayi, ya miƙe."

Ba wanda ya motsa.

"Wanda ya san ta canza wa na kusa da shi fa?"

Duk suka miƙe, har da Kunkuru.

Nan take aka yanke hukunci: an hana kowane likita karɓar zuma, sai wanda ba ta canza masa ra'ayi. Aka yi tafi, kowa na jinjina wa kansa.

Barewa ta matso gaban Kunkuru. "Baba, na ji. To, ban da garin Kurege, me zan ba yaron nan?"

"Magunguna ai suna da yawa, 'yata," in ji shi. "Akwai saiwar... akwai ganyen nan da kakata..." Ya dubi Zalɓe. Zalɓe ya dubi sama. Bushiya ta duƙunƙune. Sai Kunkuru ya ce a hankali, "Ki ƙara masa cokali ɗaya."

Barewa ta tallafi ɗanta, ta kama hanyar dajin da ke ƙetaren rafi.

Likitoci suka rufe taro da yabon sana'arsu mai daraja, suka zauna cin abinci. Ba wanda ya tambaya ko wa ya kawo shi.