Rasuwar Rijiyar Gidan Andarawus

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tsoron da ya hana shi zama wuri ɗaya, Andarawus kafinta na garin Tibiri yana sanar da dangi da maƙwabta rasuwar rijiyar gidansa, wadda aka fi sani da Mai-Sanyi. Ta cika bayan doguwar jinya, jinyar da mai ita ya yi ta kallo bai gane ba.

Mahaifinsa ne ya haƙa marigayiyar tun unguwar tana gonar gero. Ba ta taɓa ƙafewa ba, ko a bazarar da rijiyoyin wasu ke ba da laka. Ba ta tambayar mai guga ko majami'a yake zuwa ko masallaci, kuma shanun makiyaya sun san ƙofarta. Magana ɗaya gare ta duk rayuwarta: a saki guga, ta ce tunjum.

Ciwon ya fara da wari. Andarawus ya ɗora laifin a kan gugan roba, ya sayi sabo. Daga baya wasu launuka suka fara yawo a saman ruwan, ja da kore da shuɗi. Tsohuwa Hawwa'u, maƙwabciyarsa, ta leƙa ta ce, "Bakan gizo na ya sabka rijiyakka, Andarawus. Wadda duk ya zaɓa ba ta ƙahewa." Ya yi dariya, ya ce shi mutumin majami'a ne, ba ruwansa da zancen iskoki. Amma a zuci ya ji daɗi, har yana kiran baƙi su zo su gani. So hana ganin laifi.

A wannan lokacin ne 'yarsa Huguette ta dawo gida daga Dogon Dutsi goyon cikin fari. Mijinta ya haɗo ta da ruwan leda, Andarawus kuwa ya ɗauki abin cin fuska. "Ɗiyata ta sha ruwan saye cikin gidan ubanta?" Da hannunsa yake jawo mata kowace safiya. Da ta ce ruwan yana wari, ya ce ai hancin mai ciki ne, ko tuwo wari yake mata. Ta sha, don ba ta musu da ubanta.

Ranar ajali, masu awon ruwa suka zo daga Dosso duba 'yan siraran rijiyoyin da suka haƙa kewaye da tsohon gidan man da ke bayan katangarsa, wanda tankinsa na ƙarƙashin ƙasa ke yoyo. Shugabarsu, Zalihatu, ta nemi izini ta gwada tasa ma. Ya kai ta yana taƙama. Ta zura wani bututu mai haske, ta jawo shi a hankali, sai ga wani abu rawaya-rawaya kwance a kan ruwan, kaurinsa ya kai yatsa. Ta cika kwalabe ta jera a akwatin ƙanƙara, amma ba ta jira sakamako ba.

"Baba, wanga esansi na, man mota. Wa ka shan ruwan ga?"

Andarawus ya waiga. Huguette tana zaune a tabarma, kofi a gefenta. Ya tambayi Zalihatu ko abin yana kaiwa ga ɗan da ke ciki.

"Ni ruwa nika awo, baba. Ku kai ta asibiti yau, kada ku bari sai gobe."

Likita ta ce zuciyar ɗan tana bugawa, sauran kuma sai an haihu a gani. Tun daga ranar Andarawus bai iya riƙe zarto ba. Tsoro yake ji, kuma ba ya ɓoyewa.

Marigayiyar ta bar guga sabo, da igiya, da randuna biyu da aka kife, da bishiyar lemo. Ta bar ƙannenta, rijiyoyin maƙwabta, waɗanda su ma an tafi da ruwansu awo, masu su kuma yanzu sai sun sansana kofi kafin su kai baki.

Za a rufe ta da siminti ranar Asabar da hantsi. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya matso da taba ko ashana ko garwashin shayi, don gawar tana iya kamawa da wuta. A yi haƙuri, ba za a ba baƙo ruwa ba, kowa ya zo da nasa. Kujeru da tabarmin da aka aro daga majami'a kuma, Andarawus ya ce kada a mayar da su tukuna. Wata mai kamawa za a sake zama a kansu, bai dai san ko zaman suna ne ba.